Akori-kurar da Na Sayar wa Kawuna

Sallamar na fara ji, tun kafin in ga inuwar kowa a jikin labule. Ina zaune a kan tabarma a cikin ɗaki, lulluɓe da hijabi har ƙasa, carbi a hannuna, kamar yadda aka saba zaunar da ni. Na sha amsa sallamar baƙi a gidan nan, ko gezau ban taɓa yi ba. Amma wannan akwai wani ɗan tari da ya biyo bayanta, tarin mutumin da ya daɗe yana shaƙar ƙaiƙayin gero. Mutum ɗaya na sani da irin wannan tari. Kawu Sale ne, ƙanin mahaifiyata. Ya zo sayen mota a hannun matar mamaci. Matar mamacin kuwa ni ce, ni da ko aure ban taɓa yi ba.

Ba zan faɗi sunana ba, waɗanda suka san ni sun riga sun sani. Ina rubuta wannan ne saboda ƙannena mata da maza da suka gama makaranta suna zaune, suna jiran ko wane irin aiki ya zo. Ku yi haƙuri in kun ga maganata tana tsalle.

A wani ƙauye na ƙasar Baure aka haife ni. Babanmu ya rasu ina aji uku a firamare, Kawu Sale ne ya riƙe mu. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mini. Shi ya tsaya na yi sakandare har na gama, shi ke ɗauko ni a kan babur ranar hutu, akwatina ɗaure a baya. Babban ɗansa Haruna abokin wasana ne, ya koyi kanikanci a Zango. In ya gan ni da littafi sai ya ce, "Malama, a karanto mana inda aka rubuta yadda ake tuƙa tuwo." Ni kuma in ce, "Sai ka wanke hannu tukun, ɗan baƙin mai." Haka muka tashi. Ban taɓa ɗaukar allurar kowa ba a garinmu.

Da na gama makaranta ci gaba bai samu ba, sai na taho Daura wurin wata gwaggona, na samu zama a shagon cajin waya kusa da wani gareji. A nan na san mutumin da zan kira Oga. Dillalin motoci ne na hannu, mai fara'a, mai kyauta. Abin da ya fara nema a wurina ƙarami ne. Wata rana ya miƙo mini wayarsa, wani mai sayen mota yana kan layi, ya ce, "Ƙanwata, taimaka ki ce maigidan ya yi tafiya, amma motar tamu ce, ba ta taɓa ba mu matsala ba." Na faɗa ina dariya. Ya saya mini kati. Bayan kwana biyu na sake, ya kawo turmin atamfa. Daga baya sai waya sabuwa. Kowane lokaci ina ce wa kaina magana ce kawai, ni ban karɓi komai a hannun kowa ba.

A hankali na gane sana'ar tasa. Motocin da suka yi mummunan hatsari yake saye, musamman akori-kura, don ita manoma da 'yan kasuwar ƙauye suka fi nema. A bayan garejin ake ta da su. Jiki ba wuya, a buga a shafe a yi fenti, ta fito tana sheƙi. Inda matsalar take shi ne shasi, wato dogayen ƙarafan nan biyu da ke ƙarƙashin mota, waɗanda inji da kai da bodi duk a kansu suke zaune, kamar ƙashin bayan mutum. In ya karye ko ya lanƙwashe, motar ta gama aikin ɗaukar kaya. Su kuwa sai su ja shi da sarƙa, su yi masa walda, su goge wurin ya yi sumul, su bi da baƙin fenti. Daga nan a kwaɓa baƙin mai da ƙasa a yaɓa, a yi yawo da ita a hanyar gona, har wurin ya yi kama da dattin shekaru.

Duk da haka mai saye in ya kwanta ƙarƙashi ya kankare da ƙusa zai gani. Abin da ya sa Oga yake buƙatata ke nan. Ya kama hayar wani gida mai get a bayan gari. Za a shigo da motar tsakar gida, a manna ta da bango, daidai inda ruwan wanke-wanke yake bi. A rataya carbi a madubi, a ajiye hula a gaban mota, a jera takalman yara a ƙofar ɗaki. Ni zan kwara ruwan sabulu a ƙarƙashinta, in shiga ɗaki in saki labule. Kullum ranar Juma'a yake sa masu saye su zo, dab da tafiya masallaci, kowa cikin farar shadda. Yakan ce, "Mutanenmu za su taya ki kuka, amma ba mai kwanciya cikin caɓi ya leƙa motar mamaci matarsa tana ji." Gaskiya ya faɗa. Ban taɓa ganin wanda ya kwanta ba. Wasu ko tayi ba sa yi, sai su ce dukiyar marayu ce, a sallama yadda aka faɗa.

Akwai abin da ban taɓa gaya wa alƙali ba, zan faɗa a nan. Yadda nake zama, yadda nake sassauta murya, yadda nake jan numfashi kafin in amsa gaisuwa, duk daga Inna na kwaikwaya, lokacin da take takabar Babanmu.

Motar ranar da Kawu ya zo farar akori-kura ce da ta yi taho-mu-gama da babbar mota. Na gan ta lokacin da aka jawo ta, a tsakiya ta karye, daidai bayan kai. Ko mai waldar sai da ya ce, "Oga, wannan fa a sayar da ita kayan gyara." Oga ya ce ya yi aikinsa ya yi shiru.

Kawu ya tsuguna a bakin labule. Ina ganin yatsun ƙafarsa cikin takalmin da na sani.

"Baiwar Allah, ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu?"

Na danne murya na ce, "Da godiya."

"Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Allah ya raya abin da ya bari."

"Amin."

Daga tsakar gida sai na ji muryar Haruna, ashe tare suke. "Baba, ka ga ratar nan tsakanin kai da bodi? Ta wannan gefen hannuna yana shiga, ta can ba ya shiga. Ƙofar ma sai an ɗaga ta take rufuwa. A samo mini buhu in shimfiɗa in leƙa ƙasa."

Oga ya yi ajiyar zuciya. "Leƙa mana, ɗan'uwa, haƙƙinka ne. Sai dai marigayin, Allah ya jiƙansa, ranar da zai rasu ma shi ya wanke ta da hannunsa. Iyalin ba su so a sayar ba, dole ce ta sa."

Wallahi a raina roƙo nake yi, Haruna ka kwanta, Haruna ka ɓata rigar. Amma bakina bai buɗe ba.

Kawu ya ce, "Kai Haruna, ba ka da kunya? A gidan makoki za ka baje kana ƙwanƙwasa ƙarfe? Tashi." Sannan ya rage murya, amma na ji. "Yarinya ce ƙarama. Muryarta sak ta Uwata. Ka duba, in ita ce aka bari da marayu, za ka so a zo ana yi mata haka?"

Shanun huɗarsa biyu ya sayar, da ragunan da yake kiwo. Haka aka tuƙa ta aka fita, na ji ƙarar get, na ji yana yi mini sallama daga waje yana ƙara addu'a.

Da suka tafi na fito na ce wa Oga, "Kawuna ne. Ka kira su ka mayar musu." Ya yi dariya har da riƙe ciki, daga baya ya daina. Ya ce, "Wa ya amsa gaisuwar? Ni dillali ne, abin da matar mamaci ta gaya mini shi na faɗa. In kin buɗe baki ke za a fara kamawa. Kuma na san garinku, na san ɗakin tsohuwarki ba shi da ƙyaure mai kyau."

Da yamma Inna ta kira ni, muryarta cike da murna. Garinmu ya samu motar kasuwa, an daina jiran ta wani gari. Ta ce, "A hannun wata yarinya aka saya, mijinta ya rasu. Kawunki ya ce in an yi girbi zai kai wa marayun buhun gero. Ki riƙa sa ta a addu'a." Na ce to.

Na sha ɗaukar waya zan kira Haruna, sai in ajiye. A ƙarshe na sayi sabon layi na tura masa saƙo ba suna, na ce su kai motar kan ramin gareji a wanke ƙarƙashinta a duba shasi. Daga baya na ji ya nuna wa Kawu, mutanen da ke wurin suka ce aikin mahassada ne, mutum bai isa ya yi sabon abu ba sai an sa masa ido. Haruna ya so ya kai ta duk da haka, amma kaka ce, kowa yana son a kai masa amfanin gona, aka ce bari a wuce kasuwar nan tukun. Ni kuwa na ce wa raina ai na faɗa, na fita. Ban fita ba. Da na kira da muryata na ce, Haruna ni ce, na ga motar nan a karye, ko taku ɗaya ba za ta ƙara yi ba. Sunana na ɓoye, shi na fifita a kan mutanen garinmu.

Ranar kasuwa aka loda mata gero da gyaɗa, mutane suka hau kan buhuna. Haruna ke tuƙi. Kawu ya bar wa wata mai ciki gaba, shi ya hau baya. A wani kwalbati kafin a hau kwalta motar ta faɗa rami, waldar ta ɓalle, motar ta naɗe a tsakiya, bodin ya kife gefe da duk abin da ke kansa. Allah ya tsare ba a rasa rai ba. Amma buhuna da ƙarfe sun danne ƙafar Kawu, a asibiti aka yanke ta ƙasa da gwiwa. Delu mai man gyaɗa, maƙwabciyarmu da ta sha goya ni, ƙugunta ya karye, har yau ba ta miƙe daidai ba.

Haruna ya ga wurin da ya ɓalle, ya ga walda a ƙarƙashin baƙin mai. Ya zo Daura da 'yan sanda, suka tarar gidan a kulle, Oga ya tsallaka iyaka. Wata maƙwabciya ta ce ta san inda matar take zama da rana, ta rako su har shagon caji. Da Haruna ya hango ni fuskarsa ta saki, ya ce, "A'a, Malama, nan kike? Kin ji abin da ya same mu?" Sai matar ta nuna ni ta ce, "Ai ita ce."

Bai zage ni ba. Ya dube ni kawai, ya koma gefe ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya rufe fuska da hula.

A kotu na faɗi komai, har da garejin da sunan Oga. Aka yanke mini hukunci, aka kai ni gidan yari. Ba zan cika ku da labarin wahalarsa ba, cinkoso da ƙuma da abincin da ba ya wucewa, duk gaskiya ne. Abin da ya fi ci na shi ne gida. Ina jin ƙarar turmi daga unguwar da ke bayan katanga, sai in tsaya da abin da nake yi in ƙirga bugun, in ce wannan ba hannun Inna ba ne, nata ya fi nauyi. In hadari ya haɗo, ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, sai in ga gonarmu ta bayan tsamiya, in ce wa zai yi mata huɗa bana tunda shanun sun tafi, mai shanun kuma ba ƙafa. Na yi kewar rijiyar garinmu da faɗan da ake yi a bakinta. Na yi kewar a tsokane ni. Damina biyu ta wuce ni a ciki, ba wanda ya kira ni Uwata.

Inna ta zo sau ɗaya, da ƙuli-ƙuli a ƙullin leda. Ta daɗe tana kallona ta ce, "Kin rame." Na ce, "Inna, Kawu fa?" Ta ce, "Yana nan." Na ce, "Ya yi maganata?" Ta gyara mayafi ta ce mota za ta tafi ta bar ta.

Ga tsoro kuma. Wata da aka kawo daga baya ta raɗa mini cewa Oga yana gaishe ni, ya ce yana sane da ranar fitata. Wata kuma 'yar yankinmu ta ce mijin Delu ya rantse a bainar jama'a, in na sake taka garin sai dai wata ba ni ba. Na zama ina son fita ina tsoron fita. Ko an buɗe ƙofa da ƙarfi sai na zabura.

Yanzu ku saurare ni, ƙannena. Ba da sata na fara ba, da amsa waya na fara. Duk wanda ya ce ku ara masa muryarku ku faɗi abin da ba haka yake ba, komai ƙanƙantarsa, ku ce a'a tun a ranar farko, don ta biyu ta fi wuya. In kuma kun riga kun shiga, kuka ga abin zai cuci wani, ku faɗa da bakinku da sunanku. Gargaɗin da ba shi da suna ba a jin sa.

Ku kuma iyayenmu masu sayen mota ta hannu, na roƙe ku, kada kunya ta hana ku dubawa. Ta'aziyya daban, ciniki daban. Ku yi wa mamaci addu'a, sannan ku ce a fito da motar fili. Ku tafi da bakanikenku, ba na dillali ba. A kai ta kan rami, a wanke ƙarƙashinta tas, a bi shasin da fitila daga gaba har baya, a kankare duk inda baƙin mai ya yi kauri ko fenti ya fi na kusa da shi sabunta. Ku duba ratar kai da bodi ta kowane gefe, ku buɗe ƙofofi ku rufe, ku ga ko taya tana cinyewa ta gefe ɗaya. Wani ya tuƙa, ku bi ta a baya a kan babur, in tana tafiya a karkace ku bar ta. Matar mamaci ta gaskiya ba za ta ji haushi ba, ita ma ba ta son motar mijinta ta kashe kowa. Wanda ya hana ku kwanciya ƙarƙashin mota, akwai abin da ya ajiye a wurin.

Ranar da aka sallame ni, da hantsi, na tsaya a bakin ƙofa na kasa fita, sai da ma'aikaciyar ta ce, "Ke, ko mu mayar da ke ne?" A waje na ga Haruna a kan babur. Bai gaishe ni ba, ya ce, "Hau." Na hau ban san inda zai kai ni ba. Muka wuce Zango, muka sauka daga kwalta, muka bi ta kan kwalbatin, na rufe ido. Duk wanda muka wuce a hanya sai in ja hijabi in rufe fuska. Muka shiga gari. Bai tsaya a gidanmu ba, ƙofar gidan Kawu ya tsaya.

Kawu yana zaure a kan buzu, sanduna biyu jingine da bango, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an soke da allura. Ya tsufa. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa, na rarrafa, na kasa ɗaga kai. Abin da na shirya faɗa tun a gidan yari duk ya gudu, sai "Kawu, Kawu" kawai nake yi.

Ya bar ni na yi kukana. Sannan ya ce, "Ɗago ki ji. Mutumin nan naku an kama shi tun kafin azumi, a wani gari, da wata yarinyar a bayan labule. Yana tsare, ba zai zo ba."

Na ce, "Mijin Delu fa, Kawu?"

"Na je gidansa da sandunan nan, na je wurin Maigari. Na ce ni na hana a duba motar, in akwai mai neman wanda zai huce a kansa, ga ni, ba na iya gudu." Ya yi tarin nan nasa. "Ban ce miki kowa ya yafe ba. Delu ba ta yafe ba, haƙƙinta ne, ke za ki je ki nema da ƙafarki, ko shekara nawa zai ɗauka. Ni ma akwai ranar da in na tashi zan taka ƙasa na ji babu, raina yana ɓaci da ke. Amma an yi magana a gaban Maigari an rufe. Ba mai taɓa ki a garin nan, Uwata. Ba mai taɓa ki."

Haruna yana tsaye a bakin zaure, ya juya mana baya. Ya ce, "Baba, ka sallame ta haka nan. Gwaggo tun asuba take leƙowa ta katanga, ta hana kowa sakat."

Kawu ya ce, "Tashi ki je gida wurin Innarki."

Na dafa bango na miƙe, daidai lokacin da ladan ya fara kiran azahar.